FASHIN BAƘI: Yadda direbobin na'ura ke shiga ƙofofin junansu, da dalilin da ya sa masu kutse ke laɓe a wurin

A ƙarshen watan Disamba na 2024, jami'an tsaron ƙasar Sabiya suka tsare wani ɗalibi ɗan shekara 23 da ke cikin masu zanga-zanga a birnin Belgrade. Suka karɓe wayarsa ƙirar Samsung tana kulle, bayan wasu sa'o'i suka mayar masa da ita. Rahoton da ƙungiyar Amnesty International ta fitar a Fabrairun 2025 ya nuna cewa an buɗe wayar a wannan tsakanin. An jona mata kayan aikin kamfanin Cellebrite na Isra'ila ta ramin da ake saka caji, kayan aikin kuma ya riƙa sauya kama: yanzu ya ce shi kyamara ne, an jima ya ce shi na'urar sauti ne. Duk iƙirarin da ya yi sai wayar ta yarda, ta taso da direban da ya dace da wannan iƙirari, ta miƙa masa baƙon. Ta kurakuran da ke cikin waɗannan direbobi aka shiga.

Wanda ke son gane yadda hakan ke yiwuwa sai ya fara gane yadda direbobi ke hulɗa a tsakaninsu: yadda ɗaya ke buɗe ƙofa, yadda wani ke nemo ta, da kuma wanda ke duba mai shiga.

Mene ne direba?

Ba na mota ake nufi ba. Direba a nan wata ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ko waya, irin su Windows da Linux da Android, da wata na'ura ɗaya tak: firinta, allon madannai, kyamara, faifan ajiya, katin intanet. Babbar manhaja ba ta san yaren kowace na'ura da ke kasuwa ba, kuma ba za ta iya sani ba. Abin da take cewa kawai shi ne a karanto kaza, ko a rubuta kaza. Direba ne ya san wace lamba za a tura wa na'urar, a wane wuri, a wane lokaci.

Yawancin direbobi suna zaune ne a cikin cibiyar babbar manhaja, wadda masana ke kira kanel. Manhajojin da muke taɓawa kullum, kamar WhatsApp ko Chrome, kowace an killace ta a ɗakinta. Idan ta rikice ita kaɗai ke mutuwa, a sake buɗe ta. Cibiya kuwa tsakar gida ce. Duk direbobin da ke cikinta ma'adana ɗaya suke amfani da ita, iko ɗaya suke da shi, babu katanga tsakanin na kamfanin Microsoft da na wani ƙaramin kamfani mai ƙera linzamin kwamfuta. Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe, domin komai da ke ƙasa a kansa ya rataya.

Babu direban da ke aiki shi kaɗai

Idan ka soka filas a kwamfuta mai Windows, ba direba ɗaya ke tashi ba. Akwai na mashigar USB, wanda ya fara jin an soka abu. Akwai wanda ya san yadda ake magana da na'urorin ajiya ta USB, akwai na faifai, akwai wanda ke kula da yadda aka rarraba faifan, sannan na tsarin fayil, wanda ke mayar da tarin lambobi su zama sunayen takardu da hotuna. An jera su ne wani bisa wani, kuma kowane na sama da na ƙasansa ya dogara.

Hanyar farko da suke magana da juna ita ce takardar buƙata, wadda a Windows ake taƙaita sunanta da IRP. Duk wanda ya taɓa bin fayil a sakatariya ya san tsarin. Wani sashe na cibiya mai kula da shige da fice shi ke buɗe takardar, ya bar gurbi ɗaya ga kowane direba da ke cikin jerin, ya ajiye ta a tebur na sama. Direban da ta zo hannunsa yana da zaɓi: ya biya buƙatar da kansa ya rufe fayil, ko ya ƙi ta, ko ya yi nasa rubutun ya tura ta ƙasa ta hanyar umarnin da ake kira IoCallDriver. Yana kuma iya barin saƙo cewa idan takardar ta juyo da amsa a sake biyo da ita ta wurinsa.

Wannan zaɓi na ƙarshe shi ya haifar da wani jinsi na direbobi da ba su da na'urar kansu ko kaɗan. Matata ake kiransu. Aikinsu su kutsa cikin jerin wani su zauna, suna duba duk takardar da ta wuce, sauka da hawa. Manhajojin riga-kafin ƙwayar cutar kwamfuta da haka suke ganin kowane fayil kafin a buɗe shi, BitLocker ma da haka yake kulle faifai. Cunkoson ya yi yawa a kan tsarin fayil har sai da Microsoft ya koma raba wa kamfanoni lambar matsayi: masu riga-kafi suna tsakanin 320000 da 329999, masu kulle bayanai tsakanin 140000 da 149999. Mai babbar lamba shi ne a sama, don haka riga-kafi yake ganin fayil a buɗe kafin a kulle shi.

Amma kujerar da mai gadi ke zama a kai, ɓarawo ma yana iya zama. Matatar da ta zauna a jerin allon madannai tana ganin kowane harafi da aka danna, har da lambar sirri. A ranar 31 ga Oktoba, 2005, masanin Windows Mark Russinovich ya bayyana cewa wasu faya-fayan waƙoƙi na kamfanin Sony BMG suna dasa direbobi a asirce a kwamfutar wanda ya saya, wai don hana kwafi. Ɗaya daga ciki yana ɓoye duk fayil ɗin da sunansa ya fara da wasu haruffa na musamman, wani kuma ya shige jerin na'urar karanta CD a matsayin matata. Da Russinovich ya goge su, sai na'urar CD ɗin ta ɓace daga kwamfutarsa ɗungurungum, saboda an riga an rubuta matatar a cikin jerin, kuma jerin ba ya tashi idan guda ya ɓace. Kamfanin ya janye faya-fayan, ya kuma sha ƙararraki a Amurka.

Neman ƙofa da suna

Jerin da aka bayyana a sama na 'yan gida ɗaya ne. To idan direba yana buƙatar wani da ke wani jerin daban fa?

A da, direba kan raɗa wa na'urarsa suna tsayayye, duk mai nema ya kira wannan suna. Matsalar a fili take: kamfanoni biyu suna iya zaɓar suna ɗaya, kuma mai nema ba shi da hanyar sanin ko na'urar tana nan ko an zare ta. Tun daga zamanin Windows 98 da Windows 2000 aka koma ga tsarin rajistar ƙofofi. Kowane nau'in ƙofa yana da wata doguwar lamba mai haruffa da alƙaluma 32, wadda ake kira GUID, da aka tsara ta yadda da wuya biyu su zo ɗaya. Akwai ta faifai, akwai ta allon madannai, kuma kowane kamfani yana iya ƙirƙirar tasa.

Direban da ke da abin bayarwa sai ya je wurin sashen cibiya mai kula da haɗawa da cire na'urori ya yi rajista: ina da ƙofa irin kaza. Sashen ya ƙirƙiro wa ƙofar suna na musamman ya ajiye. Rajista kaɗai ba ta buɗe ƙofa. Sai direban ya kammala shirinsa sannan ya sanar cewa a fara shigowa. Mai nema kuma yana da hanya biyu. Ko ya tambaya a ba shi sunayen duk ƙofofin wannan nau'i da ke buɗe a yanzu, ko ya bar saƙo a sanar da shi duk lokacin da irinta ta buɗe ko ta rufe. Ta biyun ita ce ƙwararru suka fi so, domin babu tabbacin wanda zai riga wani tashi idan an kunna kwamfuta, kuma wanda ya tambaya da wuri zai ji babu alhali abin yana hanya.

Da sunan ya zo hannu, mai nema zai buɗe ƙofar, a ba shi adireshin direban da ke saman wancan jerin. Saman, ba tsakiya ba: ƙa'ida ce a bi ta sama don kada a tsallake matatun da ke hanya. Daga nan sai ya rubuta tasa takardar buƙata. Idan buƙatar ba karatu ko rubutu ba ce, sai ya saka mata lambar umarni ta musamman da ɓangarorin biyu suka amince da ma'anarta. Irin waɗannan umarni ana kiransu IOCTL, kuma iri biyu ne: akwai na kowa, wanda manhajar waje ma ke iya turowa, akwai na cikin gida, wanda sai direba zuwa direba. Direbobin USB da na cikin gida suke aika yawancin saƙonninsu.

Riƙe ƙofar wani yana da sharaɗi. Na'ura tana iya tafiya. Don haka mai riƙe da ƙofa ya kamata ya nemi a sanar da shi idan ana shirin cire ta, ya saki da wuri. Saƙon nan da ke ƙona rai, wanda ke cewa ba za a iya cire filas ba saboda ana amfani da shi alhali ka rufe komai, ma'anarsa an zagaya an tambayi kowa, wani ya ƙi sakin ƙofar.

Kira kai-tsaye

Takarda tana cin lokaci. Ga ayyukan da ake maimaitawa sau dubbai a cikin daƙiƙa, akwai hanya ta biyu. Mai nema ya tura takarda ɗaya tak ƙasa, ɗauke da lambar nau'in ƙofar da yake so, da zubin da ya iya aiki da shi, da wani fili da ya bari babu komai. Direban da ya gane lambar sai ya cike filin da adireshin ayyukansa a cikin ma'adana. Daga wannan lokaci babu sauran takarda: mai nema yana kiran ayyukan ɗayan kai-tsaye, kamar nasa ne. Haka direban katin intanet ko na hoto ke samun damar karanta saitin na'urarsa daga direban PCI, wato babbar hanyar da katunan ke jone da ita a cikin kwamfuta.

Kamar an ba ka lambar wayar darakta ne maimakon ka bi layi. Sauri ya samu, amma matatun da ke tsakani ba sa ganin abin da ke wucewa, kuma an ɗora komai a kan amana. A cikin filin da aka cike akwai ayyuka biyu na ƙidaya: ɗaya na cewa na riƙe, ɗaya na cewa na saki. Muddin ƙidayar ba ta koma sifili ba, mai bayarwa bai kamata ya tafi ba. Idan mai nema ya manta bai saki ba, ɗayan ya maƙale. Idan ya saki sannan ya sake kira bayan ɗayan ya tafi, ya kira adireshin da babu kowa, ko wanda wani abu daban ya tare a ciki. A cibiya wannan ba ƙaramin kuskure ba ne: ko dai kwamfutar ta faɗi da shuɗin allo, ko kuma, idan mai kutse ya riga ya shirya abin da zai tare a wurin, ta ci gaba da aiki a hannunsa.

A Linux da Android

Wayoyin Android, waɗanda su ne a hannun mafi yawan masu karanta wannan rubutu, a kan cibiyar Linux suke. A can ba a cika bin takarda ba. Kira kai-tsaye ne ya fi yawa. Direba yana sa wa aikinsa alamar EXPORT_SYMBOL, ma'ana ya fitar da shi fili, kuma duk direban da aka loda daga baya yana iya kiransa da suna. Sauran hulɗar tana bi ta sassan cibiya da ke tsakani. Direban kyamarar waya, alal misali, ba ya kunna wa kansa wuta: sai ya nemi sashen wutar lantarki ya haɗa shi da direban da ke ba shi wuta, haka ma na agogon da ke ba shi bugu, da na siririyar hanyar da yake aika umarni ta kanta. Idan ya tashi ya tarar ɗayansu bai iso ba, sai ya ce a ɗage masa, cibiya ta sake gwada shi an jima.

Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne yadda aka mayar da ƙofa makamin siyasa. Linux tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke wajabta bayyana asalin rubutun manhaja. Wasu kamfanoni, Nvidia ne fitacce, sun shafe shekaru suna rarraba direbobin da rubutunsu ke rufe. Sai masu kula da cibiyar suka ƙirƙiro alama ta biyu, EXPORT_SYMBOL_GPL: aikin da ke ɗauke da ita ba ya buɗuwa sai ga direban da ya bayyana cewa lasisinsa ya dace da GPL. Da aka ga wasu suna saka ɗan ƙaramin direba mai lasisin a tsakani yana miƙa wa rufaffen kaya ta bayan gida, sai aka tsaurara dokar a zubin 5.9 na shekarar 2020. Sun kuma ƙi yin alƙawarin cewa ƙofofin cikin gida za su dawwama a siffa ɗaya, suna sauya su duk lokacin da suka ga ya dace, su gyara direbobin da ke cikin rumbunsu. Wanda ya ajiye nasa a waje, shi zai yi ta bin su da gyara. A watan Mayun 2022 Nvidia ya fara sakin buɗaɗɗen rubutun direbobinsa na cibiya.

Wa ke duba mai shiga?

A Windows kowace ƙofa tana iya ɗaukar jerin waɗanda aka yarje wa shiga. Sai dai wannan bincike an yi shi ne domin 'yan waje. Kowace takardar buƙata tana ɗauke da alamar inda ta fito, waje ko cibiya, kuma wadda ta fito daga cibiya a bisa al'ada ba a tsayar da ita a zaure. Idan direba zai buɗe wata ƙofa a madadin manhajar waje, shi ne zai nemi a yi binciken da gangan. Ya manta, to ya zama ɗan aiken da ya shigar da baƙo har ɗaki da sunan maigida.

Tunda ciki babu bincike, duk tsaron ya koma bakin ƙofar cibiya. Tun daga Windows Vista, zubin da ake kira mai 64 ba ya loda direban da ba shi da sa hannun dijital. Masu kutse suka amsa ta hanya biyu. Ta farko sata: manhajar Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz, direbobinta suna ɗauke da sa hannun da aka sace daga kamfanonin Realtek da JMicron na Taiwan. Ta biyu ta fi arha. A nemo halastaccen direba mai sa hannu na gaskiya, wanda marubucinsa ya bar ƙofa a buɗe ga kowa tare da umarnin da ke ba da damar rubutu a ko'ina cikin ma'adana. Mai kutse ya zo da shi a aljihu, ya loda, ya ƙwanƙwasa. A Mayun 2021 kamfanin SentinelOne ya bayyana irin wannan rauni a wani direban Dell da ake rarrabawa tun 2009, daga baya kamfanin ESET ya ce gungun Lazarus, da ake alaƙantawa da Koriya ta Arewa, ya yi amfani da shi. A 2022 an ga masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa suna kashe riga-kafi da direban hana maguɗi na wasan Genshin Impact, wasu kuma da na manhajar MSI Afterburner. Microsoft yana da kundin direbobin da ya haramta, wanda ke kunne kai-tsaye a Windows 11 tun 2022, amma kundi sai an gano abu ake saka shi.

Ba sai da mugun nufi ba ma. Ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wa direbansa wani fayil na saiti. An tsara ana sa ran bayanai 21, aka kawo 20, direban ya miƙa hannu ya ɗauko na 21 a inda babu. Cikin minti 78 aka janye fayil ɗin, amma a ƙiyasin Microsoft na'urori miliyan 8.5 sun riga sun faɗi, kuma da yake direban yana cikin masu tashi da farko, da yawansu ko an sake kunna su faɗuwa suke yi. Jirage suka tsaya, asibitoci suka koma biro da takarda. Da aka tambayi Microsoft dalilin barin baƙi a cibiya, sai ya yi nuni da wata yarjejeniya da ya yi da Hukumar Tarayyar Turai a 2009, wadda ta wajabta ba wa kamfanonin tsaro irin damar da nasa kayan ke da ita. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta hana shi gina musu amintacciyar ƙofa a waje ba, abin da ya fara alƙawartawa bayan ɓarnar ta auku. Apple tun 2019 ya fara korar direbobin wasu kamfanoni daga cibiyar macOS, wanda ya rage haɗari, ya kuma ƙara masa iko a kan wanda zai yi kasuwa a dandalinsa.

Koma ga wayar ɗalibin

Yanzu abin da ya faru a Belgrade ya fito fili. Da an jona wani abu ta USB, direban mashiga ne ke tambayarsa ko shi wane ne. Amsar da ya bayar ita ake dubawa a zaɓo direban da zai karɓe shi, a miƙa masa bayanan da baƙon ya faɗa game da kansa. Na ƙasa ya ɗauka na sama zai tantance, na sama kuma an rubuta shi ne da zaton kyamara ta gaskiya ce ke magana. Cibiyar Linux tana ɗauke da direbobin USB masu yawa, wasu tsofaffi ne da ba a cika waiwayarsu ba, kuma mai kai hari shi ke zaɓar wanda za a taso masa ta hanyar sunan da ya kira kansa. A binciken Amnesty da Google an gano raunuka uku: a direban kyamarar USB, da na sauti, da na na'urori irin su allon madannai da linzami.

Cellebrite ya sanar a Fabrairun 2025 cewa ya dakatar da abokan cinikin da abin ya shafa a Sabiya. Google ya saka gyaran raunin kyamarar a sabuntawar tsaro ta Android ta wannan watan, sauran suka biyo baya. Sai dai gyaran ba ya zuwa wayar kowa kai-tsaye daga Google: sai kamfanin da ya ƙera wayar ya ɗauka, ya haɗa da nasa direbobin, ya tura, kuma wayoyi masu araha da waɗanda suka kwana biyu sukan daina samun wannan turi da wuri. A cikin saitin kowace wayar Android, a sashen bayanin waya, akwai layin da ke nuna kwanan watan sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Idan kwanan ya gaza Fabrairun 2025, babu tabbacin an toshe raunin direban kyamarar a wannan waya.